Idan Tsokar Damtse Ta Ji Rauni a Wurin Wasa: Abin da Mutanen Gida Za Su Yi

Bayan la'asar kusan kowace unguwa tana da filinta. Nan ana taka leda, can samari sun kewaye wani ƙarfe da aka dasa bakinsa biyu cikin gwangwanayen siminti suna ɗagawa bi da bi, wani wurin kuma kokawa ce ko dambe, musamman idan an kawar da amfanin gona. Daga irin waɗannan wurare ne saurayi ko magidanci ke shigowa gida riƙe da damtse, yana cije leɓe yana cewa ba komai. Abin da aka yi masa a kwana ukun farko shi ke sa raunin ya warke cikin mako biyu ko ya ja wata uku. Abin takaici kuwa, abubuwan da hannunmu ya fi saurin kaiwa gare su, wato ruwan zafi da man zafi da ja, su ne suka fi dagula lamarin.

Damtse ƙashi ɗaya ne dogo daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, da tsoka gaba da baya. Ta gaba ita ce ƙwanjin da yara ke tasarwa don nuna ƙarfi. Aikinta lanƙwasa gwiwar hannu da juya tafi ya kalli sama, kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Ta baya ita ke miƙe hannu, da ita ake kai naushi, da ita ake tura mota. Kowaccensu tana ƙarewa da farar jijiya mai tauri, irin wadda ke ƙin taunuwa a cikin nama, ita ce ke ɗaure tsokar da ƙashi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kowace shawara da ke tafe.

1. A bar wasan nan take. Jiki idan ya ɗauki zafi yana ɓoye ciwo, ga 'yan kallo, ga kunyar a ce an gudu. Tsokar da ta ɗan yage aka ci gaba da aiki da ita, kamar tufa ce da ta fara kecewa aka ci gaba da ja. Wanda ke kusa, ko yaya ne ko aboki, shi ya kamata ya ce: "Ƙanena, zo ka zauna, gobe ma rana ce."

2. A tambaye shi yadda abin ya faru, sannan a tuɓe riga a dubi hannu biyun tare. Amsar da zai bayar ita ce rabin ganewa. Idan bai ji komai a fili ba, sai washegari ya tashi damatsan biyu sun yi tsami, wannan gajiyar tsoka ce bayan aikin da ba ta saba ba. Takan tsananta a kwana na biyu ko na uku, ta wuce da kanta kafin mako. Idan kuma yana cikin jifa ko ɗaga nauyi ya ji wani wuri guda ya soke shi, fizgar tsoka ce, wasu zarurrukanta sun yage. Ƙarama takan warke cikin mako 1 zuwa 3, babba takan ɗauki mako 4 zuwa 8. Idan naushi ne ko gwiwar wani ko faɗuwa ta same shi a damtse, bugu ne, jini ya taru a cikin naman. Na huɗun shi ne wanda ya ce ya ji wani abu ya yi ɗas, kamar igiya ta tsinke. Wannan a riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa.

Dalilin duban hannu biyu tare shi ne ido ba ya gane canji sai yana da abin gwadawa. A nemi kumburi, da kwarmi a inda ya kamata a ga tudu, da dunƙulen nama da ya bar mazauninsa. A fatarmu kwanciyar jini ba ta cika fitowa fili ba, don haka a duba da rana, a cikin damtse ta wajen hammata da lanƙwasar gwiwar hannu, inda fata ta fi haske.

3. Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Hannu ya karkace ko ana jin ƙashi yana motsi. Kafaɗa ta zube ta zama ba daidai da ɗaya ba. Yatsu sun sage, ko sun yi sanyi, ko sun canza launi. Wuyan hannu ya langaɓe ya kasa ɗagowa, wanda ke nuna an taɓa jijiyar da ke zagaye ƙashin damtse ta baya. Ya kasa lanƙwasa hannu ko miƙe shi sam. Damtse ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ciwon yana ƙaruwa duk da magani. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, asibiti ne a ranar. Masu gasar danne hannu a kan tebur su sani cewa wasan nan yana karya ƙashin damtse a murɗe, kuma sau da yawa mai shi yana zaton tsoka ce kawai.

Haka nan idan dattijo ko mai hawan jini ya ce hannunsa na hagu yana ciwo bayan motsa jiki, ga nauyi a ƙirji, ga gumi, ga numfashi sama-sama, kada a tsaya neman man shafawa. Zuciya ce ake tsoro, a nemi mota.

4. Sanyi ake sawa, ba zafi ba. Na san wannan ya saɓa wa abin da muka tashi muka gani. A gidajenmu da an ce wani ya bugu, sai a ɗora ruwa a wuta, a kawo tsumma a gasa wurin har mai ciwo ya yi ƙara, a bi da man zafi. Amma a kwanakin farko ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe a cikin tsokar, zafi kuwa buɗe su yake yi, jinin ya ƙara kwarara, kumburin ya ƙaru. A sami ƙanƙara a naɗe ta a tawul ko tsumma mai ɗan laima, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa biyu ko uku, har kwana biyu zuwa uku. Kada a ɗora ta kai tsaye a fata, tana ƙuna kamar wuta. Inda babu wutar lantarki, ruwan leda mai sanyi daga shago ya isa, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ana sauyawa.

Kada kuma a ɗauki ƙanƙara a matsayin magani. Likitan nan na Amurka, Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga gaɓa, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan sanyaya wuri yana iya jinkirta warkewa, domin kumburin nan wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi. Amfaninta rage raɗaɗi ne a farkon lamari. Idan raɗaɗin ya lafa, a ajiye ta.

Mai cutar sikila kuwa ba a sa masa ƙanƙara ko kaɗan, domin sanyi yana tayar masa da ciwon. Ciwon damtsensa ma yana iya kasancewa na sikilar ne, ba na wasan ba, don haka a kai shi inda ya saba ganin likita.

5. Kada a ja, kada a murza, kada a yi ƙaho. A nan ne ake yawan yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Mun saba kiran duk ciwon gaɓa targaɗe, mun saba kuma cewa targaɗe sai an ja. To tsoka ba ƙashi ba ce, babu abin da ya goce da za a mayar. Jiki yana dasa sababbin zarurruka masu laushi a bakin yagewar, mai murza kuwa yana warware su da yatsunsa.

Wani ɗan yayata ya taɓa shan gwiwar abokin wasa a damtse yana tsaron gida. Kullum da safe ana kai shi wurin mai gyaran targaɗe ana murzawa, yana dawowa da hawaye, kakarsa tana cewa: "Yi haƙuri ɗan nan, zafin ne maganin." Bayan wata guda hannun ya ƙi miƙewa, ga wani abu mai tauri a cikin naman kamar tsakuwa. Da aka ɗauki hoto sai ga ƙashi ya fara tsirowa a cikin tsoka. Likitoci sun san wannan matsala sarai. Takan biyo bayan bugu mai tara jini a cinya ko a damtse, kuma murza da ƙarfi da komawa wasa da wuri suna cikin abubuwan da ke jawo ta. Sai da ya yi watanni yana zuwa gashin ƙashi kafin hannun ya sake.

Ba raina maɗora nake yi ba, mutane da yawa sun amfana da su. Amma ɗorin da aka tamke da karare a kan hannun da ke cikin kumburi yana iya tare jini, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kokawa kan yaran da aka yanke wa hannu ta wannan hanya. Tsaga da ƙaho a kan wurin da jini ya taru kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne.

6. A ɗaure sako-sako, a rataye na ɗan lokaci. Bandeji mai talewa, wanda ake samu a kowane kemis, yana rage kumburi. A fara naɗawa daga ƙasan gwiwar hannu a hauro sama, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Bayan an gama a danna farcen mai ciwon har ya yi fari, a saki. Idan jinin bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta. Da dare a kwance shi, a ɗora hannun a kan matashi. Ɗankwali ko mayafi ya isa a rataye hannu a wuya, amma kwana biyu ko uku kawai, sai fa in likita ne ya ce a ƙara. Gwiwar hannu gaɓa ce mai saurin ƙagewa, kafaɗa ma haka, ballantana ga wanda ya haura arba'in ko mai ciwon suga.

7. A yi hattara da magani. Farasitamol shi ne na farko: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa huɗu, kada ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. A tuna cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi, kada a haɗa ba a sani ba. Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwo, amma ba a haɗa su tare, ba a shan su ciki ba komai, kuma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu. Wasu likitocin wasanni sun fi son a jinkirta su har kwana biyun farko su wuce. Ƙunshin ƙwayoyin nan masu launi-launi da ake haɗa wa mutum a kemis da sunan maganin ciwon jiki, wanda ba a san me ke ciki ba, a bar shi. Tramadol kuwa ba sai an faɗa ba: saurayin da ya sha don ya koma fili ba ya jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa, ga kuma abin da ƙwayar ta yi wa unguwanninmu.

Akwai wani abin da mutane kaɗan suka sani. Ciprofloxacin, wanda ake yawan saye da an ji zazzaɓi a ce taifot ne, yana raunana jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa an buga babban gargaɗi a kan haka tun 2008. Wanda ke shan sa ko bai daɗe da gamawa ba, ya ɗaga wa ƙarfe ƙafa, kuma ya gaya wa likita idan ya ji ciwo a jijiya. Allurai da ƙwayoyin kumbura ƙwanji da wasu masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su ma haka: tsoka ta yi girma, jijiyar da ke riƙe da ita ba ta bi ta ba.

8. A kula da raunin da ke yaudara. Mu koma kan wanda ya ji ɗas. Ƙwanji yana da jijiya biyu a sama wajen kafaɗa, guda ɗaya tak a ƙasa wajen gwiwar hannu. Idan ɗaya daga cikin na sama ta tsinke, wanda ya fi faruwa ga masu shekaru, naman yakan zamo ƙasa ya dunƙule kamar an cusa lemo a ƙarƙashin fata. Abin yana da ban tsoro a ido, amma da yake ɗayar tana nan, mutane da yawa suna rayuwa da shi ba tare da tiyata ba. Idan ta ƙasa ce ta tsinke, naman sama yake tsallakawa, a bar kwarmi a saman lanƙwasar hannu. Wannan ya fi samun maza 'yan shekara talatin zuwa sittin, lokacin da nauyi ya fizge hannun da ke lanƙwashe ya miƙar da shi da ƙarfi: ƙarfe ya suɓuce an yi ƙoƙarin tarewa, ko abokin kokawa ya zame da nauyinsa duka. Masu shan taba sun fi shiga haɗarin.

Yaudarar ita ce bayan mako guda ciwon yakan ragu sosai, kuma hannun yana lanƙwasuwa, domin akwai wata tsokar a ƙarƙashin ƙwanji da ke ɗaukar aikin. Sai gida ya ce an samu sauƙi, alhamdu lillahi. Alhali jijiyar ba ta komawa jikin ƙashi da kanta. Tana can tana tsukewa, kuma lokacin da ɗinkinta ya fi sauƙi shi ne mako biyu zuwa ukun farko. Wanda ba a ɗinke masa ba yakan rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin lanƙwasa hannu, da kusan kashi 40 na ƙarfin juya tafi. Ga malamin makaranta wannan na iya zama abin haƙuri. Ga makanike mai murɗa noti, ko kafinta, ko ɗan dambe da hannun dukansa ne, sana'a ce ta taɓu.

Gwaji mai sauƙi: ya lanƙwasa hannu kamar kusurwar ɗaki, tafi yana kallon sama, a sa yatsa a lanƙwasar daga gefen waje a nemi igiya mai tauri da yatsa zai iya maƙalewa a ƙarƙashinta. A gwada a lafiyayyen hannun tukuna don a san yadda take. Idan babu ita a mai ciwon, a nemi likitan ƙashi a makon. Ga jijiyar tsokar baya kuma, idan ya ɗaga hannu sama ya kasa miƙe gwiwar, ko aka ji kwarmi a bayan ƙashin gwiwar, hukuncin ɗaya ne. A sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna tsoka ko jijiya, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba ya nufin lafiya lau. Sikanin irin na masu juna biyu ko na'urar MRI su ke nunawa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da masu wannan aiki.

9. Bayan kwana uku a fara motsi. Yanzu ne ɗumi ke da amfani, idan kumburi ya daina ƙaruwa: tawul mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, minti goma sha biyar kafin motsa hannun. Ya lanƙwasa ya miƙe a hankali sau goma, ya juya tafi sama da ƙasa sau goma, ya sunkuya ya bar hannun yana lilo don kafaɗa. Sau uku a rana. Idan wannan ya daina ciwo, ya sa tafinsa a ƙarƙashin tebur ya tura sama kaɗan na daƙiƙa biyar ba tare da hannun ya motsa ba, sannan ya juya ya danna ƙasa. Daga nan sai gorar ruwa ta rabin lita, wato rabin kilo, sai ta lita ɗaya, sai ta lita ɗaya da rabi, yana ɗagawa yana sauke ta a hankali, domin saukewar ce ta fi gina tsoka. Ɗan tsami ba laifi. Suka mai tsanani, ko ya wayi gari ciwon ya fi na jiya, alama ce an yi gaggawa, a koma baya taki ɗaya. Idan mako biyu ya wuce babu ci gaba, a je sashen gashin ƙashi a asibiti, wurin likitan fisiyo.

10. A ɗauke masa ayyukan da ke fizgar hannu. Mutum ya bar fili amma bai bar gida ba. Jan guga a rijiya, tayar da janareta, ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, wadda kilo 25 ce cur, daka, faskare, ɗaga babur da ya faɗi, cilla yaro sama, duk waɗannan suna iya mayar da hannun agogo baya a daƙiƙa guda. A sujada ma ya sauka a hankali, ya fi dogara da lafiyayyen hannun.

11. Abinci da barci. Tsoka da abinci mai gina jiki ake gyara ta: wake, ƙwai, kifi, nono, awara, ƙuli-ƙuli, nama idan ya samu. A haɗa da lemo ko gwaiba ko zogale. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Ya sami barci isasshe, ya bar taba.

12. A tambaye shi launin fitsarinsa. Tambaya ce mai nauyi a baki, amma tana ceton rai. Sabon shiga ɗaga ƙarfe da aka zuga ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, ko wanda ya dawo bayan dogon hutu ya ce sai ya rama a rana ɗaya, musamman a zafin bazara ko yana azumi jiki ba ruwa, tsokarsa tana iya narkewa ta zuba cikin jini. Damatsa su kumbura, hannu ya ƙi miƙewa, fitsari ya koma kalar shayi ko baƙin lemon kwalba. Wannan yana kashe ƙoda. Ba a ba shi ibuprofen ko diclofenac, ba a jira gobe, ƙarin ruwa yake bukata a asibiti.

13. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. A jikin yaro ƙashi ne mai rauni, ba jijiya ba, domin bakin ƙasusuwansa bai gama ƙosawa ba. Yaron da ya faɗi a langa ko ƙwallo ya dafa ƙasa, gwiwar hannunsa ta kumbura ya ƙi yarda a taɓa, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Karayar da ke saman gwiwar hannu tana kusa da babbar jijiyar jini, ita ce kuma ɗori mai tsanani ya fi yi wa illa. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin, kuma farasitamol ɗinsa da nauyinsa ake aunawa.

14. Komawa fili da sharaɗi ne, ba da kwanan wata ba. Hannun ya lanƙwashe ya miƙe daidai da ɗan'uwansa, a danna wurin ba zafi, ƙarfinsa ya kusa kai na ɗayan, kuma ya yi motsin wasansa a hankali, jifa ne ko naushin iska, na 'yan kwanaki ba tare da ciwon ya dawo ba. Wanda aka yi wa tiyata kuwa sai likitansa ya sallame shi, galibi bayan wata uku zuwa shida. Ranar komawa ya fara da minti goma na ɗumama jiki, sassarfa da juya kafaɗu, mai ƙarfe ya ɗauki rabin abin da ya saba, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Gwangwanayen simintin nan na unguwa kuma a auna su a sikeli, domin sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma hannun da ke ƙarƙashin mai nauyin shi ke fara yagewa.